Jami'a Ta Matso Bakin Gulbi

A zamanin da muka taso a Sarkin Yamma, kowa ya san halin karatun boko: duk matakin da yaro ya hau, sai ya ƙara nisa da gida. Firamare a ƙauye ake yin ta, ko a ƙauyen da ke maƙwabtaka. Wanda ya ci jarrabawar shiga kolej sai a nema masa masauki a gari, gidan wani ɗan uwa ko abokin cinikin mahaifinsa, ya riƙa kwana a zaure yana ɗebo ruwa yana zuwa aike. Mai brebe ya ƙetare gulbi ya shiga lise a Maraɗi. Mai bak kuwa ba shi da wurin zuwa sai Yamai, tafiyar kilomita fiye da 600, wadda a da takan cinye yini har da dare. In ya gama metriz zuciyarsa ba ta ƙoshi ba, to a fannoni da yawa ƙasar ma ta ƙare masa. Sai Dakar, ko Abijan, ko Wagadugu, ko Faransa.

Ba a kanmu aka fara ba. Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, a Tasawa aka haife shi a 1929, kuma sai da ya je Dakar da Paris kafin ya zama masanin kimiyyar da ya jagoranci binciken hasken rana a Nijar. Ɗan Dikko Ɗankulodo, haifaffen Maraɗi, shi ma a Faransa ya yi zurfi a ilimin sinadarai, ya dawo ya riƙe ma'aikatar ilimi, daga baya ya shugabanci hukumar haɗin gwiwar al'adu ta ƙasashe masu amfani da Faransanci daga 1974 zuwa 1982. A lokacin ƙuruciyarsu babu jami'a ko ɗaya a ƙasar. Sai a 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. 'Ya'yan jihar Maraɗi biyu ke nan da sunayensu ke rubuce a ƙofar jami'o'i yau, kuma dukansu biyu sai da suka bar ƙasa kafin su samu abin da suka samu.

Neman gurbin karatun gaba da digiri a zamaninmu aiki ne na ƙafa da haƙuri. Da yawanmu ba mu da takardar haihuwa ta asibiti. Hukuncin kotu muke da shi, wanda ya ce an haife mu wajajen shekara kaza, kuma shekarar nan sau da yawa malamin da ya ɗauke mu lakwal ne ya ƙiyasta ta da ido, ko ya sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne. Wannan ƙiyasin na ranar ɗaukar 'yan aji ɗaya shi ke dawowa bayan shekara ashirin ya yanke hukunci, domin kuɗin tallafin karatu na ƙasashen waje suna da iyakar shekaru. Sannan ga takardar shaidar ɗan ƙasa, ga ta kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, wadda wata uku kawai take rayuwa, ga sakamakon kowace shekara tun daga bak, kowane kwafi sai an manna masa tambur an buga hatimi. In ka haɗa dosiye, sai ka rubuta wasiƙa da hannu zuwa ga wani farfesa da ba ka taɓa gani ba, ka roƙe shi ya yarda ya duba aikinka. Adireshin da za ka ba shi akwatin gidan waya ne na wani ɗan uwa ma'aikaci a Maraɗi. Na san wanda amsar karɓarsa ta kwanta a aljihun rigar mai akwatin har aka rufe rajista. Bai sake nema ba, ya kama koyarwa, kuma har ya yi ritaya yana cikin mutanen da suka fi mu kaifin kai.

Shekarun kuma ba masu sauƙi ba ne. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy a Yamai, suna zanga-zangar ƙin matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi. Abin da ya biyo baya yajin aiki ne, da albashin da ba ya zuwa, da shekarun karatu da aka soke ɗungurungum. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kuɗin jirgi da na littafi da na zama a Faransa suka ninka a dare ɗaya. Wanda iyayensa suka yi lissafin sa guda zai isa, sai ga shi ana maganar biyu. A gida kuwa ba a fahimci me ake jira ba. Innata, Allah ya jiƙanta, takan dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, wai karatun nan naku ba shi da sauka?" Tambaya ce mai hujja. Ta san karatun allo: ana farawa, ana kai izu sittin, a yi walima, kowa ya shaida. Namu kuwa duk lokacin da aka ce an gama, sai a ce saura wani. Sa'o'ina sun yi aure, sun raba gandu, wasu sun je Makka da kuɗin gyaɗa da fatauci, ni ina zuwa hutu da jakar takardu.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani ba wahalar ba ce. Abin da ya tsaya mini shi ne, a daidai lokacin da muke faɗi-tashin fita neman ilimi, masu neman ilimi daga can suna ta zuwa wurinmu. Kwarin gulbin Maraɗi yana cikin wuraren da aka fi bincika a ƙasar Hausa ta Nijar. Guy Nicolas ya yi shekaru yana rubutu a kan al'adu da sarautun wannan yanki. Claude Raynaut ya zauna a Sumarana, nan kusa da mu, ya rubuta littafi a kan zaman mutanenta. Emmanuel Grégoire ya fitar da nasa a kan alhazan Maraɗi a 1986, Barbara Cooper daga Amurka ta fitar da nata a kan aure a Maraɗi a 1997. Ayyuka ne masu daraja, na karanta su na ƙaru, kuma ba na cikin masu zagin baƙon da ya koyi harshenmu ya zauna a tabarmarmu. Sai dai rabon aikin a bayyane yake. Su ke tambaya, mu ke amsawa. Ɗan boko na ƙauye matsayinsa tafinta ne, ko mai cika takardar tambayoyi a kan jika biyu ko uku a yini. Mun sha bin mota fara gida-gida muna tambayar iyayenmu damin hatsi nawa suka samu, awaki nawa suka sayar, 'ya'ya nawa suka rasu. Motar takan tafi da amsoshin, kuma ban taɓa ganin ta dawo ta faɗa wa mutane abin da aka gano ba.

Dubi sassaben zamani. Bayan yunwar 1984, wadda a nan ake kira El Buhari, manoman jihar Maraɗi suka fara barin tsiron kututture a gona, kalgo da sabara da gawo, suna rage rassa suna kiwon guda biyu ko uku maimakon su sare su ƙone. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zauna a Maraɗi, ya taka rawa wajen yaɗa dabarar, amma hannun da ya riƙe gatari na manomi ne. Bayan shekara ashirin, da Chris Reij da Gray Tappan da ɗan ƙasarmu Mahamane Larwanou suka haɗa hotunan sama da abin da suka gani a ƙasa, aka ƙiyasta hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maraɗi da Damagaram, da itatuwa kimanin miliyan 200. Duniya ta jinjina. Dattijon da ya fara barin sabara a gonarsa maƙwabta suna masa kallon malalaci bai san an yi taro a kan aikinsa a Turai ba. Haka gwajin rigakafin ɗigo na zawon yara da aka yi a Madarumfa a kan jarirai fiye da 3,000, wanda sakamakonsa ya fito a 2017 a ɗaya daga manyan mujallun likitanci na duniya. Matan ƙauyukanmu ne suka goyo 'ya'yansu suka kai, mako bayan mako.

A 2008 aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na jami'a a Maraɗi da Tawa da Damagaram. A 2010 suka zama jami'o'i, a 2014 ta Maraɗi ta karɓi sunan Ɗan Dikko Ɗankulodo, kuma a shekarar aka ƙirƙiro wasu huɗu a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. A tsakanin nan ne tsarin karatu ya koma lisans shekara uku, mastar biyu, doktora uku, aka yi ban kwana da metriz da sauran tsofaffin matakai. Mu da muka saba da Yamai mun yi wa sababbin jami'o'in kallon shakka da farko: ina ɗakin gwaji, ina ɗakin karatu, ina farfesoshi? Wasu tambayoyin har yau suna nan. Duk da haka, a ganina babu wani abu da ya taɓa karatun yaran karkararmu kamar wannan tun da aka kafa lakwal.

Ɗiyar ƙanwata ce ta sa na ga girman canjin da idona. Ta yi lisans a fannin noma, ta zo ta same ni da waya a hannu. "Kawu, an fitar da sanarwar mastar, ga ta an turo a gurup." A WhatsApp ta ga sanarwar, a nan ta ga jerin takardun da ake so, a nan kuma daga baya ta ga sunanta cikin waɗanda aka ɗauka. Tambur da hatimi ba su mutu ba, takardar kotu har yanzu wata uku ce, amma duk abin da ya ci mini watanni ta gama shi a 'yan kwanaki, kabu-kabu ya kai ta ya dawo da ita. Malamin da zai duba aikinta ba baƙo ba ne a wata ƙasa. Ya koyar da ita a aji, ta san ofishinsa, ya san ƙauyenta. Abin da ya fi wuya shi ne shafi uku da aka ce ta rubuta a kan abin da take son bincikawa. Ta kawo mini taken da ya fi ƙarfin ma'aikata sukutum, wai tasirin sauyin yanayi a kan noma a Sahel. Na ce, "Ɗiyata, me ya fi damun innarki a rumbu?" Ta ce ƙwaron wake. Na ce to ki fara daga nan.

Da a Yamai ne ko Dakar, mahaifinta ba zai bar ta ba, kuma ya faɗa mini haka ba ɓoye-ɓoye. Wannan shi ne abin da lissafin gine-gine da kujeru ba ya nunawa. A yankin da yarinya kan yi aure kafin ta kai sha takwas, nisa shi ne katangar farko. Jami'ar da uba zai iya zuwa ranar kasuwa ya ga inda ɗiyarsa take kwana, ita ce jami'ar da ɗiyar za ta shiga. Na ga masu zuwa aji da goyo, na ga wadda mijinta ke jiran ta a bakin ƙofa da babur. A ajinmu na da, mata ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma duk 'yan birni ne, 'ya'yan ma'aikata.

Ƙwaron wake kuwa ba ƙaramin fage ba ne, kuma a nan Maraɗi aka yi babban aiki a kansa. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ke toshe iska har ƙwaron ya mutu ba tare da an zuba magani ba, da jami'ar Purdue ta Amurka aka haɓaka shi, kuma Ibrahim Baoua, masanin ƙwari na cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi wanda daga baya ya koma jami'ar, yana cikin waɗanda suka gwada shi suka yaɗa shi tun daga 2007. Shi da abokan aikinsa ne kuma suka yi ta sakin wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro a gonakin gero, wanda ke kashe murzuna, tsutsar da ke cin zangarniya. Ana kiwonsa a 'yan ƙananan jakunkuna a kai ƙauye a rataye. Irin wannan aiki yana bukatar ɗalibai da za su kwana a ƙauye su ƙirga zangarniya ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗalibin da ya tashi da hauya a hannu ba sai an nuna masa bambancin gero da maiwa ba. In ya tambayi manomi damin da ya samu, ya san lokacin da aka rage masa lissafi don tsoron haraji ko don sa ran taimako, ya kuma san yadda zai sake tambayar ba tare da ya kunyata dattijo ba. Wannan sani ne da baƙo kan yi shekaru bai samu ba.

Ba na son in zana rayuwar ɗalibin mastar kamar an shimfiɗa masa tabarma. Binciken noma da damina yake tafiya. In kuɗin gwaji suka iso bayan an yi shuka, ko ruwa ya ɗauke a tsakiyar Agusta, shekara ta tafi, babu yadda za a yi sai a jira wata. Mastar ta shekara biyu takan zama uku. Kuɗin tallafi ba kowa ke samu ba, mai samu ma ya san jira, shi ya sa za ka ga ɗalibi da safe yana koyarwa a makarantar kuɗi, da yamma yana aji, da dare yana rubutu. Kwamfuta ta hannu, tsohuwa daga kasuwa, sau da yawa tunkiyar uwa ce ta saye ta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da Najeriya ta yanke wutar da ƙasar ta dogara da ita, ɗalibai sun yi ta yawo da caja suna neman inda injin ke aiki, masu samfuri a firji kuma suna kallon aikinsu yana lalacewa. A shekarar ce Faransa ta dakatar da ba ɗaliban Nijar da Mali da Burkina biza, waɗanda suka riga suka samu gurbi suka zauna da takardar karɓa a hannu.

Ga kuma matsalar tsaro, wadda mu ba mu san ta ba. Muna yara ana shiga dajin Baban Rafi neman itace da zuma. Tun wajajen 2019 'yan bindiga masu satar shanu da mutane suka addabi ƙauyukan kan iyaka, har malami ba ya iya tura ɗalibi can da kwanciyar rai. Sakamakon shi ne bincike yana taruwa a wuraren da ke kusa da kwalta, Jiratawa da kewayenta, a yi ta maimaita tambaya ɗaya ga manoman zogale har sun haddace amsa, ƙauyukan da suka fi bukatar a san halinsu kuma babu mai zuwa.

Akwai abin da ke damuna a cikin gida ma. Ɗalibai sun yi yawa, malaman da hukumar CAMES ta ba matsayin jagorantar bincike ba su da yawa, malami ɗaya yana riƙe da ayyukan da ba zai iya karanta su da natsuwa ba. Wasu yaran kuma ba son bincike ya kawo su ba. Sun gama lisans, babu aiki, bautar ƙasa ta shekara biyu ma sai an jira, koyarwar kwantiragi ba ta riƙe gida, sai mastar ta zama inuwar da ake fakewa. Ba na ganin laifinsu. Amma daga nan ake samun memwar da aka kwaso rabinta daga intanet, a yi sutnans, dangi su cika ɗaki da kwanonin abinci da masu hoto, a ba da maki mai yawa don kada a ɓata wa kowa rai. Takardar da aka samu ta haka tana rage darajar ta wanda ya sha rana a gona.

Kuma kusanci yana da nasa hasara. Mu da muka fita mun sha wuya, amma mun zauna aji ɗaya da ɗan Senegal da ɗan Kamaru, mun ga yadda wasu ke tunani. Yaron da ya yi firamare da lise da lisans da mastar da doktora duk a tsakanin gulbi da tashar mota yana iya fitowa da sani mai zurfi amma ido mai ƙunci. Maganin ba shi da nisa. Katsina ta fi Tasawa kusa da mu, Kano ba ta kai rabin nisan Yamai ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962 da tsohuwar cibiyar binciken noma ta Samaru, Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa wadda ke ɗaukar ɗalibai daga maƙwabta. Gero ɗaya muke nomawa, ƙwari ɗaya ke cin mu. Abin da ya raba mu harshen takarda ne: ɗalibinmu da na Kano za su yi hira da Hausa har dare, amma ɗaya ba ya iya karanta aikin ɗaya. 'Yan Najeriya kuwa tuni suka gano hanya, tun da aka buɗe jami'ar Maryam Abacha a Maraɗi a 2013 suke tururuwa zuwa nan. Ina gaya wa duk ɗalibin da ya zo wurina ya koyi Ingilishi tun yana shekarar farko, domin mafi yawan abin da zai karanta da shi aka rubuta.

Abin da nake jin tsoro fiye da duk waɗannan shi ne yaranmu su gaji halin motar nan fara. Yanzu su ke riƙe da takardar tambayoyi, su ke da taken, sunansu ne a bangon memwar. Amma memwar da Faransanci take, kwafi kaɗan ake bugawa, a ajiye a kabad. Matar da ta buɗe rumbunta aka auna wakenta wata shida ba ta ji komai ba, sai dai wannan karon wanda ya tafi da amsar ɗan maƙwabcinta ne. Ɗiyar ƙanwata ta koma ta tara matan da ta yi aiki da su, ta nuna masu wane buhu ya riƙe wake wane ya huje, da dalilin da ya sa ledar da ɓera ya taɓa ko aka ɗaure ta sakwa-sakwa ba ta aiki. Ba a ba ta maki a kan wannan ba, babu ma wanda ya nema daga gare ta.

Ya kamata a nema. Tun watan Maris 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, kuma in ana son maganar ta wuce takarda, ga wuri mai sauƙin farawa. Duk ɗalibin da ya yi bincike a ƙauye, kafin a sa hannu a takardar shaidarsa, ya kawo shafi biyu da Hausa, ko da harshen mutanen da ya yi aiki da su, masu bayanin abin da ya tambaya da abin da ya gano. Ya koma ya karanta su a ƙofar maigari, maza da mata suna ji, a ba rediyon karkara kwafi, maigari ya shaida an zo. Kuɗin man babur ne da yini guda. Ɗalibin zai sha tambayoyin da alƙalan sutnans ba su yi masa ba, domin manomin Sarkin Yamma zai so ya ji nawa buhun yake, a wace kasuwa ake samunsa, kuma damina nawa zai yi kafin ya huje.